Muhawara: A kai jariri koyon iyo, ko akwai abin da ya fi wannan gaggawa a gidajenmu?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sani. 'Yata watanta takwas, yayanta kuma shekararsa uku da rabi. Maigidana ya ga wani bidiyo a Facebook inda aka saki jariri a cikin ruwa, ya nutse na ɗan lokaci, sannan ya juyo da kansa ya kwanta rigingine a saman ruwan yana numfashi. Tun daga ranar yake cewa lallai mu kai namu su koya, domin an gaya masa akwai wani wurin iyo a nan Kano da ke karɓar yara tun suna wata shida. Ni kaina ban iya iyo ba, kuma ba na so 'ya'yana su tashi da tsoron ruwa irin nawa, amma duk lokacin da na tuna yadda kan jaririn nan ya ɓace a cikin ruwa sai gabana ya faɗi. Daga wane lokaci ya dace a fara koya wa yaro, kuma shin da gaske wannan koyon yana kare jariri daga nutsewa?

Baban Sadiƙ:
Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Ina bayan maigidanki, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu mutanen cikin birni mun tashi nesa da babban kogi, saboda haka za ki iske gida guda mai mutum ashirin babu ko ɗaya da zai iya ceton kansa idan ya faɗa ruwan da ya fi tsayinsa, alhali 'ya'yan masunta a bakin kogin Wudil tun suna ƙanana suke wasa da ruwa. Ba mu manta da abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen watan Nuwamba na 2021 ba, lokacin da jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari ɗauke da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su wajen Mauludi, aka rasa aƙalla mutum 29, mafi yawansu yara. Tun daga wannan rana na ɗauki alkawarin cewa babu ɗana da zai girma bai iya iyo ba. Kuma addininmu ma ya ƙarfafa abin, tunda ana danganta wa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, umarnin a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Ki bar shi ya kai su duka biyun.

Sista, ma'aikaciyar jinya:
Baban Sadiƙ, ban musa maka amfanin iyo ba, sai dai ina roƙon a raba maganar gida biyu, domin yaran Maman Hanifa biyu ne kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Game da mai wata takwas, abin da ake gani a irin waɗancan bidiyoyi yana da bayani. Jariri a watanninsa na farko yana da wata ɗabi'a ta halitta wadda idan ruwa ya rufe fuskarsa yakan riƙe numfashi na ɗan lokaci yana motsa hannu da ƙafa, kuma wannan ɗabi'ar tana raguwa yayin da yake girma. Wanda ya gani sai ya zaci iyo ne, alhali jaririn ba shi da ƙarfin wuya da hankalin da zai ɗago kai ya shaƙi iska a lokacin da yake buƙata, balle ya nufi bakin ruwa ya fita. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe tana cewa a jira yaro ya kai shekara huɗu, sannan a 2010 ta sassauta, a 2019 kuma ta bayyana cewa yara da yawa za su iya fara darasi daga shekara ɗaya idan lafiyarsu da girman jikinsu sun ba da dama. Duk da wannan sassaucin, ta tsaya a kan cewa babu hujjar da ke nuna darasin iyo yana rage nutsewa ga jaririn da bai cika shekara ba. Shiga ruwa mai ɗumi tare da uwa tana riƙe da shi suna wasa, wannan ba laifi, amma sunansa wasa, kada a ɗauke shi kariya.

Akwai kuma illolin da ba a nunawa a bidiyo. Jaririn da ake yawan nutsar da shi yana haɗiyar ruwa, kuma idan ya haɗiya da yawa gishirin jininsa yana iya sauka har ya kai ga jijjiga. Jikinsa yana saurin yin sanyi fiye da na babba, shi ya sa ake so ruwan ƙananan yara ya kai ɗumin digiri 31 zuwa 34, ni kuwa ban ga yadda tafkin da ke fili a Kano zai riƙe wannan ɗumi a cikin hunturu ba. Sannan idan ba a kula da tsaftar ruwan ba, gudawa da ciwon kunne ne za su biyo ku gida.

Shi kuwa mai shekara uku da rabi, ya kusa kaiwa lokacin da darasi zai yi masa amfani na gaske, in an sami malami mai haƙuri. Amma kafin a je can, ina so Maman Hanifa ta amsa mini tambaya ɗaya: akwai rijiya a gidanku, kuma a cikin me kuke tara ruwa?

Maman Hanifa:
Akwai rijiya a tsakar gida, Sista. Marfinta wani kwanon rufi ne da muke ɗora wa dutse. Muna da durom biyu da 'yan ga-ruwa ke cika mana, sai bokitai da bahon wanki. Gidan haya ne, iyali uku ne a ciki.

Hajiya Babba:
'Yata, ki gafarce ni zan yi miki magana irin ta uwa. Ki bar zancen wurin iyo a yau, ki tashi ki duba wannan kwanon da kika ambata.

Shekara tara ke nan da muka rasa jikana, yana da shekara ɗaya da wata huɗu. Ba kogi ya je ba, ba kududdufi ya je ba, ko ƙofar gida bai fita ba. Ranar sunan ƙanwar babansa ce, gida cike da mata, ana ta girki, an jiƙa kayan wanki a wani babban bokitin fenti a bayan ɗaki, ruwan bai ma kai rabin bokitin ba. Uwarsa ta ɗauka yana wajena, ni na ɗauka yana wajen yayyensa, yayyen kuma suna zaure wajen masu kiɗa. Ba mu ji kuka ba, ba mu ji motsin ruwa ba, mu da muke zaune tsakaninmu da shi bai fi taku goma ba. Wata yarinya ce ta je ɗauko tsintsiya ta ga ƙafafunsa a sama. Har yau idan na ga bokiti da ruwa a tsakar gidan mutane sai na zubar da shi na kife, ko da za a ce tsohuwar nan ta cika shisshigi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A zamaninmu a cikin gari tsoronmu kududdufi ne, waɗanda suka samu daga ramukan da aka haƙa ana ɗibar ƙasar gini, kuma iyayenmu sukan tsorata mu da cewa akwai mutanen ɓoye a ciki don kada mu kusance su. Yanzu an cike da yawa an yi gini a kai, amma ruwan ya biyo mu cikin gida, saboda famfo ba ya kawowa kowa sai ya tara.

Shugabar zaure:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, Hajiya, ya sa mai ceto ne. Mun gode da kika daure kika faɗa mana. Ina roƙon 'yan zaure a tsaya a kan wannan batu, a jinkirta sauran saƙonni zuwa gobe.

Sista, ma'aikaciyar jinya:
Allah ya ba ku haƙuri, Hajiya. Abin da kika bayyana shi ne ainihin yadda nutsewar ƙaramin yaro take, kuma shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. Muna zaton wanda ruwa ke ci zai yi ihu yana dukan ruwa, amma yaron da bakinsa da hancinsa suka shiga ruwa ba shi da iskar da zai yi kuka da ita. Yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya kansa yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da girman jikinsa, saboda haka idan ya leƙa bokiti don ya kamo wani abu ko don ya ga fuskarsa, kan ne ke rinjayarsa, kuma hannuwansa ba su da ƙarfin tura shi waje. Ruwan da zurfinsa bai wuce santimita biyar ba ya isa. Cikin mintuna kaɗan, wajen huɗu zuwa shida ba tare da iska ba, ƙwaƙwalwa take fara lalacewa, wanda bai kai lokacin da uwa ke ɗauka ta amsa waya ko ta sauke tukunya ba.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2024 ya ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma yankin Afirka ne ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Tun 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli don tunatarwa a kan hana nutsewa, ranar da take faɗowa a tsakiyar daminarmu, lokacin da kowane rami a unguwa ya zama tafki. Ni a ganina ƙididdigar ma ba ta kama namu duka ba, domin yaron da ya rasu a gida akan yi masa sutura a kai shi kafin azahar, ba a rubuta shi a ko'ina ba.

Baban Sadiƙ:
Hajiya, Allah ya jiƙan yaro. Sista, na karɓi gyara a kan jariri, ban san haka abin yake ba. Sai dai ina tsoron kada maganar ta koma cewa a rufe rijiya shi ke nan, a manta da iyo. Marfi yana tsare yaro ne a gidanku kawai. Ranar da ya je gidan kakarsa, ko aka tafi yawon Sallah wani otal mai wurin iyo, ko makaranta ta kai su madatsar ruwa ta Tiga, marfin gidanku ba zai bi shi ba, abin da ya koya a jikinsa ne zai bi shi. Mun cika son ɗage abu muna cewa sai ya ƙara girma, har yaro ya kai shekara goma sha biyar ya bi abokai ruwa a ɓoye bai iya komai ba.

Mai koyar da iyo:
Ina gaida iyaye. Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da yara iyo, kuma a wannan sana'ar nake ci, saboda haka ba ni da wata riba a hana ku kawo su. Duk da haka, idan aka kawo mini jariri ɗan wata takwas aka ce in koya masa ceton kansa, ba zan karɓi kuɗin ba.

Baban Sadiƙ yana da gaskiya cewa jinkirin yana yi mana yawa. Wanda na fi jin daɗin koya wa shi ne ɗan shekara huɗu zuwa shida, domin yana fahimtar umarni, kuma tsoro bai riga ya kafu a zuciyarsa ba. Mai shekara biyu ko uku ina karɓarsa ne kawai idan uwarsa ko babansa zai shiga ruwan tare da shi, darasin kuma ba ya wuce rabin awa. Abin da nake fara koyarwa ba salon tsere ba ne. Ina so yaro ya iya fesa iska a cikin ruwa ba tare da firgita ba, ya iya komowa sama idan ya faɗa, ya juya ya kwanta rigingine ya huta, ya juyo ya nufi bakin ruwa, sannan ya iya fita da kansa ba tare da tsani ba. Daga baya nakan sa ya gwada da tufafinsa na gida, domin yaron da ya faɗa ruwa bisa tsautsayi da riga da wando da takalmi yake faɗawa. Wannan ba aikin mako biyu na hutun makaranta ba ne, yana ɗaukar watanni, kuma idan aka daina zuwa ƙaramin yaro yana mantawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sauyin da nake gani a wajen iyaye bayan darasi biyar ko shida. Uban da a ranar farko ba ya ɗauke ido daga ɗansa, sai ka gan shi ya koma inuwa yana danna waya, saboda ya ga yaron ya ratsa tafki sau ɗaya. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Yaron da ya iya iyo a ruwa mai haske, mai ɗumi, wanda ya san zurfinsa, ba shi ne zai tsira a kududdufi mai laka da ciyawa ba, kuma babu wani iyo da ke fitar da mutum daga rijiya ko daga durom. Ƙa'idata ga duk yaron da bai kai shekara biyar ba ita ce babba ya kasance kusa da shi iya inda hannu zai kai, ko da ni ina cikin ruwan.

Idan za ku zaɓi wuri, ku tsaya a bakin tafkin ku duba ko kuna ganin ƙasansa sarai, ku tambayi yara nawa malami ɗaya ke riƙewa, ku tambaya ko akwai mai ceto daban wanda ba ya koyarwa, kuma ku tambayi malamin ko ya san yadda ake farfaɗo da yaro. Duk wanda ya ce hanyarsa ita ce a jefa yaro a ruwa yana kuka har ya saba, ku ɗauki ɗanku ku tafi. Waɗannan robobin da ake hurawa a sa a damtse ko a ƙugu, da ake sayarwa a kasuwa gabanin Sallah, kayan wasa ne, suna zamewa suna sacewa. Rigar ceto ta gaskiya ita ce mai soso a ciki da maɗaurai, wadda ta dace da nauyin yaron, kuma ita ce abin da ake buƙata a cikin jirgin ruwa, domin a hatsari irin na Bagwai, a tsakiyar madatsa da jirgi maƙare da mutane, ko babban da ya iya iyo yana iya gajiya kafin ya kai gaɓa.

Maman Yusra:
Malam, na gode da wannan bayani. Matsalarmu mata ita ce ka ce sai uwa ta shiga ruwa tare da ɗanta, alhali yawancin wuraren nan a buɗe suke, maza da mata a cakuɗe, ga kiɗa, ga masu ɗaukar hoto. Babu mijin da zai yarda, kuma ni ma ba zan yarda ba. 'Yata shekararta bakwai, ina so ta koya a hannun mace, a wurin da aka killace, amma na yi cigiya har na gaji. Ina ganin da iyaye ashirin za su haɗa kai su je wa masu irin waɗannan wurare da buƙatar a ware musu safiya ɗaya a mako ta mata da ƙananan yara zalla, da wuya su ƙi kuɗi. Mu ne muke wuni da yaran nan, kuma mu ne ba mu iya ruwa ba.

Baban Amira:
Duk wannan magana ta masu hali ce. A unguwarmu ta bayan gari kuɗin darasi ɗaya ya isa cefanen kwana biyu. Yaranmu a kududdufi da ramukan masu haƙar ƙasa suke koyo, su da almajiran da ke zuwa wanki ranar Alhamis da ba a karatu, kuma duk damina sai mun ji sanarwar Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano cewa an ciro gawar yaro daga ruwa ko daga rijiya. Ga kangaye da aka haƙa wa ramin sokawe aka bari a buɗe shekara da shekaru, ga tankunan masu buga bulo, ga manyan kwatoci da ke cika su shafe hanya idan an yi ruwan Agusta. Me talaka zai yi?

Sista, ma'aikaciyar jinya:
Baban Amira, tambayarka ita ce ta fi kusa da halin da mafi yawanmu ke ciki. Da farko, kududdufi ba wurin koyo ba ne ko ga wanda ya tsira daga nutsewa, domin a irin wannan ruwa ake ɗaukar tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin wasu ƙananan dodon koɗi na ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka, daga baya ka ga yaro yana fitsari da jini, har wasu na ɗauka alamar balaga ce. Tana da magani a asibiti, amma idan aka bar ta tana lalata mafitsara.

Na biyu, ƙasar da ta fi koyar da duniya a wannan fage ba mai arziki ba ce. A Bangaladash, inda kusan kowane gida a karkara yana kusa da tafki, an lura cewa ƙananan yara sun fi nutsewa ne daga hantsi zuwa azahar, lokacin da uwa ke fama da girki da wanki, kuma kusa da gida. Sai aka kafa ɗakunan reno na unguwa, inda ake horar da mace ɗaya da mataimakiyarta su riƙe yara 'yan shekara ɗaya zuwa biyar daga ƙarfe tara na safe zuwa ɗaya na rana. Manyan yara kuma aka koya musu iyo a tafkunan ƙauye da aka kewaye da gora aka yi wa dandamali, har sai yaro ya iya yin mita 25 kuma ya iya tsayuwa a saman ruwa na daƙiƙa 30. Binciken da aka yi ya nuna mutuwar ta ragu ƙwarai a cikin yaran da suka shiga shirin. Ku lura da yadda suka raba: ƙanana aka ba su ido, manya aka ba su iyo. Tafkunanmu ba za su yi wannan aikin ba saboda tsargiya da ƙazanta, amma rabin farko ba ya buƙatar komai sai matan gida uku ko huɗu su yi karɓa-karɓa, kuma mai unguwa da ƙungiyar matasa su matsa wa masu kangaye su rufe ramukansu.

Abin da ba na so shi ne a ɗora wa yarinya 'yar shekara bakwai renon ƙaninta a kusa da ruwa. Ita ma yarinya ce, wasa zai ɗauke ta, kuma idan abin ya faru ita za ta rayu da shi. Yaron da ke da farfaɗiya kuwa, ko ya kai shekara goma, kada a bar shi ya yi wanka a baho ko ya ja ruwa a rijiya shi kaɗai.

Malamin Islamiyya:
Na ga wani ya rubuta ɗazu ya goge cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne ajali ba ya jinkiri, kuma da wannan muke yi wa Hajiya da ire-irenta ta'aziyya, babu wanda ya isa ya zarge su. Amma wannan kalma ta bayan faruwar abu ce, ba hujjar barin rijiya a buɗe ba ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Yaro amana ne, kuma mai gidan haya da ya karɓi kuɗin mutane ya bar musu rijiya da kwano a kai, shi ma akwai tambaya a kansa. Zan yi wa limaminmu magana ya taɓo batun a huɗuba kafin ruwa ya kankama.

Baban Amira:
Allah ya saka, Malam. Sista, in Allah ya kiyaye an ciro yaro, mu abin da muka gani ana yi shi ne a riƙe ƙafafunsa a juya kansa ƙasa, ko a danna cikinsa ruwan ya fito. Daidai ne?

Sista, ma'aikaciyar jinya:
Ba daidai ba ne, kuma ina roƙon kowa ya karanta wannan sau biyu. Abin da ke kashe yaron rashin iska ne, ba ruwan da ke cikinsa ba. Juya shi ko danna tumbinsa yana cinye mintunan da ake buƙata, kuma yana iya turo amai ya shiga huhu.

A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, wani ya nemo abin hawa ko ya kira 112, kai kuma ka duba ko yana numfashi. Idan ba ya yi, ka ɗan ɗaga haɓarsa, ka hura masa iska sau biyar a hankali kana kallon ƙirjinsa yana tashi. Jariri ana rufe bakinsa da hancinsa duka da bakinka, babban yaro kuma a toshe hanci a hura ta baki. Sannan ka danna tsakiyar ƙirji sau 30, ka hura sau biyu, ka ci gaba da maimaitawa. Jariri da manyan yatsu biyu ake danna masa, hannuwa suna zagaye da ƙirjinsa, yaro da tushen tafin hannu ɗaya, zurfin kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin, da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti. Kada a tsaya har sai ya fara numfashi ko ma'aikatan lafiya sun karɓe shi, ko a cikin adaidaita sahu ne a ci gaba. Idan ya farfaɗo, a kwantar da shi a gefensa, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi, kada a ɗura masa komai, kuma a kai shi asibiti ko da ya tashi yana magana, domin wahalar numfashi tana iya bayyana bayan wasu awanni. Rubutu ba ya koyar da hannu, saboda haka a nemi masu ba da agajin gaggawa irin na Red Cross su zo da 'yar tsanar gwaji kowa ya gwada.

Mai koyar da iyo:
Ƙari ɗaya a kan na Sista. Wanda bai iya ruwa ba kada ya faɗa don ceton wani, domin sau da yawa gawa biyu ake cirowa. A miƙa gora ko dogon mayafi ana kwance a gaɓa, ko a jefa jarkar da babu komai a cikinta an rufe bakinta an ɗaura mata igiya. Rijiya mai zurfi kuma tana iya rasa iska a ƙasanta, mai shiga ya suma kafin ya kai ga yaron, don haka a kira 'yan kwana-kwana nan take, kuma kada kowa ya sauka ba igiya a ƙugunsa da masu riƙe shi a sama. Maman Yusra, akwai wata ɗalibata da ta ƙware, zan tambaye ta ko za ta karɓi mata idan kun sami wurin.

Maman Hanifa:
Na nuna wa maigidana duk abin da kuka rubuta, ya karanta saƙon Hajiya Babba ya yi shiru na tsawon lokaci. Da la'asar ya kira mai walda ya auna bakin rijiyar, za a yi mata marfin ƙarfe mai kwaɗo, mun kuma yi magana da maƙwabtanmu biyu za mu raba kuɗin, mu nemi mai gidan ya cire daga haya in ya yarda. Duroman an mayar da su ɗakin ajiya mai ƙofa, bahon wanki kuma yana kife. Hanifa za ta jira. Yayanta za mu kai shi bayan Sallah in an sami malamin da ya cika sharuɗɗan da aka lissafa, babansa zai shiga ruwan tare da shi. Maman Yusra, ki sa sunana a cikin masu neman safiyar mata, ina so ni ma in koya. Sista, idan an tsayar da ranar gwajin farfaɗo da yaro, tsakar gidanmu tana ɗaukar mutum goma sha biyar, kuma Asabar da safe ta fi mana sauƙi.